Ranar da Aka Toshe Wuriya

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Zubairu ɗan Gwamma, Birnin Zamnau ya cika ya batse da baƙi. Duk ayarin da ya taso daga Gwanja da goro, ko daga Bilma da gishiri, ko daga Gadamas da takarda da alharini, sai ya yada zango a nan kafin ya wuce. Harshe bakwai ake ciniki da shi a kasuwa. Da hantsi za ka ga Balarabe yana taya fata a rumfar Bayarabe mai rantsuwa da ƙarfe, in ladan ya kira salla mai yi ya tashi, wanda ba ya yi ya tsare masa kaya. Ba duka ne ke ƙaunar juna ba. Sun dai saba, kuma sabo ya daɗe yana riƙe da garin.

Can kudu, a Gangare, inda ruwan kowane lungu na birni ke taruwa da damina, nan Unguwar Tsamiya take, ta Maguzawa waɗanda suka riga masallaci zuwa garin. A hannunsu wuriya take, wato hanyar ruwa da aka shimfiɗa da duwatsu a ƙarƙashin ganuwa, mai faɗin da mutum zai iya rarrafawa ciki. Da rani a toshe take da dutse. In damina ta matso, sai su yanka baƙar akuya a gindin tsamiya, babbansu ya shiga shi kaɗai ya zare dutsen, ruwa ya sami mafita. Musulmi ba sa zuwa wurin a ranar. Amma da yamma Maguzawan kan kira mahauci Musulmi ya yanka rago na biyu, don maƙwabta su ci. Mai shiga wuriya a wannan zamani wani tsoho ne siriri mai yawan ba'a, sunansa Ranau.

Sarkin Gini Mamuda, wanda gyaran ganuwa ke wuyansa, taubashin Ranau ne, don uwarsa ƙanwar uban Ranau ce, ta musulunta ta auri magini. Mamuda mutum ne mai nauyin baki. Ya san kowace tsaga a jikin ganuwar Zamnau, amma in aka tsayar da shi gaban manya sai harshensa ya zama kamar ɗanyen tubali.

Ana sauran wata guda damina bisa lissafin masana taurari, sai manzo ya iso daga kan iyaka, dokinsa na kumfa. Ya faɗi gaban Sarki ya ce Sarkin Gorzau ya haye gulbi da dakarun da ba su ƙirguwa, kwana huɗu ya rage masa. Su Gorzawa mutanen duwatsu ne, masu tsafi. A wannan makon kuma wani madugu ya zo da labarin wani birni can bayan Kwara, wai masu tsafin cikinsa ne suka buɗe wa 'yan'uwansu hanya aka ci shi. Babu wanda ya taɓa ganin birnin a duk Zamnau, shi kansa madugun a wani zango ya ji. Amma labarin ya bi rumfa rumfa yana ƙiba, kafin ya kai fada har an san sunan ƙofar da aka buɗe.

Aka buga tambari, majalisa ta zauna. Aka kira Sarkin Gini ya zauna can kusa da ƙofa, inda masu sana'a ke zama.

Ƙaura Abarshi, shugaban mayaƙa, shi ya fara magana. Ba mugu ba ne, amma ya binne ƙannensa biyu a yaƙi, ya kuma daina yarda da sa'a.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ban ce Ranau maci amana ne ba. Na ce a gindin ganuwarmu akwai rami, mabuɗinsa kuma na hannun mutumin da abin bautarsa da na Sarkin Gorzau ɗaya ne. In na yi kuskure, tsoho ɗaya ya kwana a ɗaure. In ban yi ba, muka kuma yi sake, ba za a sami mai rai da zai ce mini na yi gaskiya ba.”

Limamin birni, Malam Hashimu, ya gyara zama. Ya tuna wa majalisa cewa akwai amana tsakanin kakan Sarki da mutanen Tsamiya, su riƙe ruwa, Sarki ya riƙe su, kuma Musulmi ba ya warware amana don zato. Sannan ya dubi Ƙaura.

Ya ce, “Shekara ashirin da suka wuce, wanda ya kewaye birnin nan yana da liman a sansaninsa. Daga kan ganuwa muna jin kiran sallarsu. Ban ji an ce a ɗaure ni ba.”

Wasu suka sunkuyar da kai. Sarkin Zango Mala Kyari, Babarbaren da ke wakiltar baƙi, ya nemi izini ya ce tun safe fataken goro ke tambayarsa ko su ɗaura wa jakuna kaya. In waɗanda aka binne cibiyarsu a garin sun zama abin zargi, su da suka zo jiya ina matsayinsu? Ƙaura ya amsa masa cewa ciniki sai da birni, in ganuwa ta faɗi ba mai tambayar kuɗin goro.

Ana cikin haka wani dogari ya shigo da labarin abin da aka gani a Gangare. Tururuwa ce ta fito daga ƙasa, sahu sahu, ɗauke da ƙwayayenta, tana hawan ganuwa daidai saman wuriya. Nan take fadawa suka fassara, suka ce ishara ce, ta nan runduna za ta hau. Mamuda kuwa ba haka ya fahimta ba. Shekara talatin yana ganin tururuwa a jikin gini, ya san abin da ke sa ta kwashe 'ya'yanta ta yi sama.

Sarki ya hango shi. “Sarkin Gini, ganuwa taka ce. Me ka gani?”

Mamuda ya durƙusa. A cikinsa maganar a jere take, cewa ruwa zai sauka da wuri kuma da ƙarfi, cewa in ya taru a Gangare bai sami mafita ba gindin ganuwa zai sha ya narke. Amma da ya buɗe baki, ga idanun manya a kansa, abin da ya fito kaɗan ne.

Ya ce, “Ruwa, ranka ya daɗe.”

Aka jira ya ƙara, bai ƙara ba. Wani ya yi 'yar dariya. Ƙaura ya ce, cikin ladabi, Sarkin Gini ya sha nonon Unguwar Tsamiya, ba laifinsa ba ne in ya ga ruwa a inda wasu ke ganin mashi. Mamuda ya ji kamar an watsa masa toka mai zafi a fuska, ya koma ya zauna.

Sarki Zubairu ya daɗe yana shafa gemu. Daga bisani ya yanke hukuncin da yake gani tsakaici ne. Ba za a zubar da jinin kowa ba. Za a karɓe bakunan Maguzawa, a rufe unguwarsu, Ranau ya zauna a hannun Ƙaura. Za a gine bakin wuriya ta ciki da tubali har abokan gaba su tashi. Sarkin Gini da kansa zai yi ginin, don ya wanke kansa.

Washegari da safe Mamuda ya biya ta zauren Ƙaura. Ya tarar da Ranau a kan buzu, an sa masa mari a ƙafa ɗaya, yana taunar aya da sauran haƙoransa.

Ranau ya ce, “A'a, bawana ne. An ce kai aka ba toshe wa birni mafitsara. Ka zo neman albarkar ubangidanka ke nan?”

“Arnen da aka ɗaure ma bakinsa bai mutu ba.”

“Ai ƙafa suka ce tana tsafi, ba su ce baki ba.”

Ranau ya tambayi labarin akuyarsa da ya yi wata uku yana kiwo don yankan wuriya, ya ce a gaya wa Liman in yana sha'awa ya yanka, shi ya yafe, amma ya sani ta saba da dusar giya. Dogarin da ke tsaron ƙofa ya kasa riƙe dariya, ya juya baya. A nan Ranau ya rage murya.

“Ɗan gwaggo, ka ga tururuwa?”

“Na gani.”

“To, gina shi kamar raggo. Laka ba ciyawa, ba makuba, tubali a jere kamar haƙoran tsohuwa. Yadda ko jaki ya sosa jiki zai faɗi.”

Mamuda ya gyaɗa kai, ya tafi da niyyar haka.

Sahun farko ya aza shi sakwa-sakwa. A sahu na biyu ya ga wani tubali ya karkace, hannunsa ya gyara shi kafin ya tuna. Maginansa kuwa, waɗanda ya yi shekaru yana zagi a kan laka maras ciyawa, suka kwaɓa ta yadda ya koya musu, ga mutumin Ƙaura a tsaye ba damar ya hana su. Da ya ce a bar makuba mai hana ruwa cin gini, babban magininsa ya dube shi da mamaki, ya ce, “Sarki, a bakin ruwa?” Kafin la'asar gini ya tashi, kaurinsa kamu uku, an yaɓe shi sumul yana ƙyalli. Ƙaura ya zo ya buga shi da gindin mashi, ya yaba, ya ce ya janye maganar nono. Mamuda ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Gorzawa suka iso a rana ta huɗu. Sau biyu suka kafa tsani a ƙofar arewa, sau biyu aka tunkuɗe su. Buzaye da Barebari na zango suka hau ganuwa da takubbansu. Fataken goro ba a yarda a ba su makami ba, sai suka riƙa ɗauko duwatsu da ruwan sha a ka, ba wanda ya ce musu sannu. Amma maharba arba'in mafi iya baka a Zamnau suna kulle a unguwarsu, Sarkin Gorzau kuma ba yaro ba ne. Ya lura ba kibiyar da ke fitowa daga kudu. Sai ya kwashe rabin dakarunsa da tsanukansu ya cusa su a gwalalo, wato busasshen kwarin da ke bayan ganuwar Gangare inda wuriya ke zuba, suna jiran umarni.

A rana ta tara, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin ruwan fari irinsa ba. Kowane lungu ya zama rafi, kowane rafi ya nufi Gangare. Gidajen Unguwar Tsamiya ne suka fara cika, mata suka ɗora yara a kan rumbuna, ga dogarai a bakin unguwa ba su sami izinin buɗewa ba. Mamuda ya shiga ruwa har ƙugu ya dafa gindin ganuwa. Yatsansa ya nutse a ciki kamar a tuwo. Ya ɗaga kai ya ga tsaga ta fara hawa.

Bai san lokacin da ya isa gaban Ƙaura ba.

Ya ce, “Ƙaura, ko ka ba ni Ranau yanzu, ko ka ba Sarkin Gorzau birni kafin la'asar.”

Ƙaura ya zo ya ga tsagar da idonsa. Bai yi gardama ba. Da hannunsa ya fasa marin, ya kuma sa aka buɗe unguwa. Maguzawa da magina da fataken goro suka faɗa ruwa da gatari da dundurusu suna saran ginin Mamuda. Makuba ta kama, gatari na tsalle yana dawowa. Ranau, wanda aka goyo daga gidan Ƙaura don ƙafarsa ta kumbura, ya shafa ginin a ƙarƙashin ruwa.

Ya ce, “Bawana, raggo na ce.”

“Hannuna ne ya ƙi.”

“Ga shi kuwa ya yi kyau.”

Sai da ruwa ya kai ƙirji kafin aka huda abin da mutum zai shiga. Ranau ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa wa Mamuda bakinta. Ya ce bana ba akuya ba giya, abin bautar da ke wuriya sai ya yi haƙuri. Ya hango Liman Hashimu tsaye a kan wani tudu, ruwa na dukan rawaninsa, hannuwansa a sama.

Ya ce, “Malam, kada ka sauke. Ka ci gaba da naka, ni zan yi nawa.”

Ya ja numfashi ya nutse.

Mamuda ya riƙa sakin igiya yana ƙirga bugun zuciyarsa. Can sai ƙasa ta yi ruri a ƙarƙashin ƙafafunsu, ruwan Gangare duka ya juya ya nufi ramin. Igiya ta fizge, ta saɓule masa fatar tafin hannu, ta tsinke. A waje kuwa ruwan birni guda ya fita ta baki ɗaya ya afka wa gwalalo. Ya kwashe tsanuka da garkuwoyi da mutane, waɗanda suka tsira suka watsar da makamai suka yi tudu. Ganuwa ta tsaya da tsagarta. Aka ɗau kabbara daga ƙofa zuwa ƙofa, matan Tsamiya na guɗa.

Mamuda bai tsaya ba. Ya hau ganuwa, jini na ɗiga daga hannunsa, yana bin ruwan da ido. Can ƙasa, inda gwalalo ya buɗe, ya ga Gorzawa uku suna jan wani daga cikin taɓo, da guntun igiya a ƙugunsa. Mutumin ya motsa, ya yi tari. Suka ɗaga shi suka nufi sansani.

Kafin faɗuwar rana majalisa ta sake zama, kowa da jiƙaƙƙiyar riga. Fadawa na ta yi wa Sarki barka. Mamuda bai jira a kira shi ba, ya taso daga bakin ƙofa ya durƙusa a tsakiya. Ya ce akwai abin da uwarsa ta taɓa faɗa masa. A cikin wuriya duwatsu biyu ne ke zaruwa. Ɗaya na sakin ruwa, ɗaya kuma shi ke ɗauke da nauyin ganuwa, in aka zare shi ta waje Gangare duka zai zube. Mutum ɗaya ke sanin bambancinsu a kowane zamani, kuma ba ya koya wa magajinsa sai shekarar da ya kasa rarrafe. Ranau bai kasa ba tukuna.

Sarki ya tambaya a hankali, “Zai faɗa musu?”

Ƙaura ya riga Mamuda amsawa. Ya ce akwai magani, a jera matan Ranau da 'ya'yansa a kan ganuwa, takobi a wuyan kowanne, inda zai hango su. Liman ya ce shi ba zai zauna a majalisar da za ta yi haka ba, ya fara laluben sandarsa.

Mamuda ya ce, “Allah ya ba Zaki nasara. Shekara arba'in tsohon nan ya san dutsen, ba takobi a wuyan kowa, muna barci. Kwana tara da suka wuce, da an tambaye ni, da na rantse ba zai faɗa ba. Yau ba zan rantse ba, don ban san abin da mari ke yi wa zuciyar mutum ba. Abin da na sani, yanzu haka Sarkin Gorzau na ce masa, dubi yadda suka yi maka, mu ne naka. In gari ya waye ya hango wuƙa a wuyan 'ya'yansa, mun gaskata Sarkin Gorzau. A mayar musu da bakunansu. Ya hango su a tsaye a kan ganuwar garinsu.”

Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a fada ba.

Sarki Zubairu ya dubi Ƙaura har sai da Ƙaura ya sauke ido. Sannan ya ce a mayar da bakuna. Ya ce kuma wanda ya ɗaure Ranau shi zai je ya kwance shi. Da hantsi Ƙaura zai fita ta ƙofar kudu da dakaru ɗari biyu, maharban Tsamiya su tsare masa baya daga kan ganuwa.

Ƙaura ya ce, “Na ji, na bi.”

Da gari ya waye aka fito da bakunan aka zube a gindin tsamiya. Arzika, babban ɗan Ranau, ƙato mai furfura a gemu wanda ruwa ya cinye wa rumbu biyu jiya, ya zaro nasa. Ya gwada tsarkiya da babban yatsa, ya ce ta sha danshi a ɗakin Ƙaura. Bai yi godiya ba. Mamuda ya ce masa, “Ɗana.” Arzika ya dubi hannuwan Mamuda da aka naɗe da tsumma, ya wuce ya hau ganuwa.

Daga sama ana hango sansanin Gorzau a kan tudu. Sun kafa turke a gaba, sun ɗaure wani siririn tsoho a jiki, fuskarsa na kallon birni. Ko ya yi magana ko bai yi ba, babu mai iya sani daga nan.

Aka zare sakatar ƙofar kudu. Ƙaura Abarshi ya fita a ƙasa, a gaban mutanensa, taɓo na kama masa ƙafa, bai waiwayo ba. Maharba arba'in suka ɗana kibau. Arzika ya ja tsarkiya har kunne. Daga inda Mamuda yake tsaye, gadon bayan Ƙaura da sansanin Gorzau duk hanyar kibiya ɗaya ce, ba ya iya gane wanne Arzika ya auna.